Layar Da Ba A Taɓa Dawo Da Ita Ba

Kasuwar Kurmi, bayan la'asar. Bakano ya baza layu a kan buzu. Bafulatani ya tsuguna, sanda a kafaɗa. Bazazzage, malamin lissafi, yana gefe yana shan rake.

Bakano: Jauro, wannan maganin bindiga ce. Shekara 12 ina sayar da ita, ko mutum ɗaya bai taɓa dawowa ya ce ba ta yi ba.

Bafulatani: Aradu? Ko ɗaya?

Bakano: Ko rabi.

Bazazzage: Jauro, tambaye shi, wanda ba ta yi wa aiki ba, da wace ƙafa zai dawo?

Bakano: Kai bawana, wa ya kasa da kai? Sha rakenka.

Bazazzage: Bawa yana kiran ubangidansa bawa! Jauro, matso ka ji. A yaƙin duniya na biyu, jiragen Amurka kan dawo daga farmaki jiki duk huji kamar rariya. Aka duba, fukafukai da gangar jiki sun sha harsashi, inji kuwa da ƙyar ka ga huji.

Bafulatani: To sai a ƙara ƙarfe a fukafukan mana.

Bazazzage: Haka kowa zai ce. Amma a 1943 wani masanin lissafi, Abraham Wald, da ke aiki a jami'ar Columbia ta New York, ya nuna cewa injin ne ke son sulke.

Bafulatani: Inda ba a harba ba? Wannan ya sha nono mai tsami.

Bazazzage: An harba, Jauro. Wanda aka samu a fiffike ya lallaɓo gida aka ƙirga hujinsa. Wanda aka samu a inji yana can ƙasa, ba wanda ya tambaye shi.

Bakano: To ni jirgi nake sayarwa?

Bazazzage: Kai ma waɗanda suka dawo kake ƙirgawa. Sauran ka leƙa maƙabarta ka ji ra'ayinsu.

Bakano: Wancan kwana ne ya ƙare. Laya ba ta maganin ajali.

Bazazzage: In ya tsira, laya ce. In ya faɗi, ajali ne. Yaushe za ka taɓa yin asara?

Bafulatani: (ya yi shiru, yana shafa ciki) Malam, na gane. Shi mutum, ina injinsa yake?

Bazazzage: Ai ba wannan ba ne...

Bakano: Nan, Jauro, daidai cibiya.

Bafulatani: Shi ya sa! Ashe a dantse mutane ke ɗaurawa, a fiffike. Ba ni biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a baya.

Bazazzage: Innalillahi! Jauro, ba abin da na ce ke nan ba!

Bakano: (yana ƙirga kuɗi) Malam, ga ɗari biyu, la'adarka. Gobe ka zo da wuri, ka zo da labarin jirgin.