Ba da kwamfuta aka fara haɗa jita da kiɗan na'ura ba

A wasu ɗakunan haɗa kiɗa a Sakkwato za ka ji matasa na cewa haɗa jitar rock da kiɗan na'ura sabon yayi ne, wai sai da manhajar haɗa kiɗa ta kwamfuta, FL Studio, ta zo. Ba haka ba ne.

Ƙungiyar New Order ta birnin Manchester a Ingila ta kafu a 1980, bayan rasuwar Ian Curtis, mawaƙin tsohuwar ƙungiyarsu Joy Division. Bernard Sumner da Peter Hook da Stephen Morris suka ci gaba, Gillian Gilbert ta shigo. Kiɗan gidajen rawa na New York ya ja hankalinsu, sai suka jawo na'ura cikin aiki. A 1983 suka saki waƙar "Blue Monday", gangar cikinta kuwa na'urar Oberheim DMX ce ke bugawa, alhali suna da makaɗi. Jita kuma ba su ajiye ta ba.

Wani kuskuren shi ne, idan aka kira New Order ƙungiya "mai zaman kanta", a ɗauke ta a matsayin wadda ba ta da kamfanin faifai. A lokacin suna da shi, Factory Records, ƙaramin kamfanin garinsu da ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin faifai.