Wanda ya watsa shi zai kwashe

Assalamu alaikum 'yan'uwana iyaye mata. Ranar Asabar na raka Gwaggo barka wani gida a Hotoro, abin da na gani kuwa ya ƙi barina in yi shiru. Tun daga bakin ƙofa muka fara tsallake kaya: ƙafar 'yar tsana nan, tayar mota can, bulon roba har ƙarƙashin kujera. Gwaggo, tsohuwa mai shekara 70, ta taka wata motar roba ta tafi da ita suuu, ba don ta dafa bango ba da yanzu muna wajen mai ɗori. Mai motar, ɗan shekara 6, yana kwance yana kallon katun, ko sannu bai ce ba. Uwar kuwa sai ta ƙwala wa 'yar aiki kira: "Ke, zo ki kwashe kayan nan!" Yarinyar da ta zo kwashewa ba ta wuce shekara 10 ba.

Haba jama'a! Shi ya watsa, wata ta kwashe. Ni watsa kayan bai dame ni ba, yaro dama sai da ɓarna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a taɓa ce masa ya sunkuya ya ɗauki abin da ya yar ba. In ka yi magana a ce maka "ai yaro ne". Yaron da ya iya buɗe waya ya nemo katun da kansa, shi ne bai iya jefa mota cikin kwando ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau 'yar aiki ke bin bayansa, gobe matarsa ce za ta riƙa tsintar safa da hula a tsakar ɗaki, mu kuma mu zauna muna zagin mazan zamani.

Ga tara kaya kamar za a buɗe shago a Sabon Gari. Sallah a saya, bazday a saya (wannan bazday ɗin ma ranarsa daban, sai a kashe kuɗin buhun shinkafa don hoton Instagram), in ya yi kuka a saya. Rabi sun karye, ba a zubar ba, ba a bayar ba. Kuma a gidan akwai mai rarrafe, wanda komai ya tsinta sai baki. Kun san ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin motoci masu kiɗa? In yaro ya haɗiye ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona masa maƙoshi. A jikin kwalayen ma akwai hoton fuskar jariri da 0-3 an ja masa jan layi, wato kada a ba yaron da bai kai shekara 3 ba, amma wa ke dubawa?

Kada wata ta ce na shiga gidanta, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kwando ɗaya ko kwalin Indomie ya isa, a ce kafin magariba kowa ya tattara nasa. Ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi.

Mu da muka tashi da motar kara da ta langa-langa, sai ka yi wuni kana fere kara kafin ka samu mota guda. Wa zai yar da ita a hanya? Saman katanga ake ɗora ta don kada akuya ta cinye. 'Yar tsanar ƙashi kuwa cikin gwangwani take kwana, da tsummanta. Ladan na kiran magariba tsakar gida ta zama fes, don mun san Inna ba ta maimaita magana. Yanzu uwa ce ke lallashin ɗa, tana "yi haƙuri Daddy, ɗaga ƙafarka a share".

Gwaggo dai har yau tana shafa man zafi a ƙugu, ta kuma ce ranar suna sai dai in kai mata gudummawarta.