Bikin LEGO a Sakkwato: ado ya yi yawa, gini babu

'Yan uwa na gida sun shiga yayin yi wa yara bikin ranar haihuwa da sunan LEGO, wato ƙananan bulon roba na wasa da yara ke harhaɗawa su yi gini. Hotunan suna iso ni ta WhatsApp: kek mai siffar bulo, balan-balan ja da rawaya da shuɗi, yaro ya sha sabuwar shadda an tsayar da shi gaban kyamara. Abin da ban taɓa gani a ciki ba shi ne yaro zaune yana gini.

A nan Ingila da nake zaune, ginin shi ne bikin. Ana kiran yara kaɗan, galibi 'yan ajin mai bikin, a juye musu bulo a tsakar ɗaki su yi ta harhaɗawa, bayan awa biyu iyaye su zo su kwashe su. Kuma bulon ba sai sabo ba. Tun 1958 kamfanin LEGO, wanda yake garin Billund a Denmark, bai sauya yadda bulon ke kama juna ba, shi ya sa wanda uba ya yi wasa da shi yana yaro yake shiga daidai da na ɗansa. Gado ne, ko kuma a saya a gwanjo.

To mu a Sakkwato wa ya isa ya ƙidaya baƙi? Ki ce yara goma, sai ga na maƙwabta, ga na Goggo daga Mabera, ga na Kawu daga Runjin Sambo, kowace yarinya da ƙaninta a goye. Wallahi wannan cikar gidan ita na fi kewa, ba zan musanya ta da tsarin nan ba. Amma ita ce ta sa ƙananan bulo ba su dace da mu ba. A jikin kwalinsu an rubuta kada a bai wa ɗan ƙasa da shekara 3, domin yana iya maƙale masa a maƙogwaro, kuma a cikin wannan taro babu mai lura da abin da mai rarrafe ya kai baki. Akwai manyan bulo, Duplo, da aka fito da su a 1969 saboda ƙananan yara, sai dai sayen wanda zai ishi yaran unguwa da naira wani aiki ne.

Da ni ce, kuɗin mai ado zan rage. A je babbar kasuwa a karɓo kwalayen taliya da na sabulu wurin masu shago, a liƙe bakinsu, a lulluɓe su da takarda mai launi, su zama bulon ginin. Kafinta ya ba da guntayen katako, a goge su sumul kada sartse ya shiga hannu. Yaran da suka iya ƙera mota da karan dawa ba sai an koya musu ba.

Maganar ko bikin ya dace ko bai dace ba, na bar wa kowa da malaminsa.

Sai lokaci. In haihuwar ta faɗo a Maris ko Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, a bari sai bayan la'asar, in ba haka ba kek ɗin zai narke tun ba a yanka ba. Zoɓo da kunun aya masu sanyi su wadata, a shimfiɗa tabarmi a inuwa, a raba yaran gida biyu a ga wa zai fi tsawon gini kafin ya rushe. In an kira magariba kowa ya ɗauki kwalinsa ya tafi da shi.