Bill Willis da Zuciyar da Ba Ta Tashi a Banza

Samari 'yan'uwana, wannan saurin fushin da muka mayar ado, ku yi hattara da shi. A gaya wa yaro magana ɗaya a majalisa ko a Facebook, sai ya miƙe yana huci, wai shi ba a taka shi.

Ku dubi Bill Willis, baƙar fata ɗan birnin Kolumbus a Amurka, haihuwar 1921. Ƙwallon Amurkawa ya buga, wadda ake rungumar ƙwallo ana bangazar juna, kuma a sahun gaba yake tsayawa, inda ƙarti ke haɗa ƙirji ba a cika tafa wa kowa ba. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, babbar gasar wannan ƙwallo a Amurka. A 1946 Paul Brown, wanda ya horar da shi a jami'a, ya gwada shi a sabuwar ƙungiyar Cleveland Browns. Nauyinsa wajen kilo 95, ƙarami ke nan a wannan gurbi, amma kafin mai miƙa ƙwallo ya ɗago kai Willis ya riga ya wuce shi, har aka yi zargin yana tashi kafin lokaci.

Shi da Marion Motley, wani ɗan wasa baƙar fata, suka shiga ƙungiyar, shekara guda kafin Jackie Robinson ya buɗe irin wannan ƙofa a wasan besbol. Sun sha zagi. Idan an kife a ƙasa, wani sai ya taka musu yatsu da takalmi mai ƙusa, alƙalin wasa ya kau da kai. A shekarar farko ko wasan Mayami ba su je ba, saboda dokar wariya da barazanar kisa. Kuna tsammani bai iya naushi ba? Mutumin da sana'arsa ke nan kayar da ƙarti! Ya san dai jira ake ya rama, a kore shi, a ce ai dama haka suke, a rufe ƙofa ga na bayansa. Sai ya haɗiye, ya tara ramuwarsa a cikin wasan. A 1950 ya bi ɗan wasan New York Giants da gudu ya kamo shi dab da layin ci, Browns suka yi nasara 8 da 3, daga baya suka ɗauki kofin NFL.

Kai da kake fasa gilashin mota don an yi maka kallon banza, tsaya ka tambayi kanka wa zai ci ribar fushinka. Sau da yawa wanda ya tsokane ka ne, yana gefe yana dariya, mahaifinka kuma yana hanyar caji ofis neman beli.

Willis ya ajiye wasa bayan kakar 1953 yana da ƙarfinsa, ya koma aikin kula da matasa a Kilibilan, daga baya ya shugabanci hukumar matasa ta jihar Ohayo, mai kula da yaran da suka faɗa hannun hukuma.