Baƙuwar kawa da ta gaje duwatsun gaɓar Afirka ta Kudu

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, amma a gaɓar tekun yammacin Afirka ta Kudu akwai baƙuwar da ta sauka fiye da shekara 40 da suka wuce, kuma babu alamar tana shirin tashi. Wata 'yar baƙar kawa ce, wato halittar teku mai kwanso biyu, wadda masana ke kira Mytilus galloprovincialis, asalinta daga tekun Bahar Rum. An fara lura da ita a mashigin ruwan Saldanha wajen shekarar 1979, kuma sai a 1984 bincike ya tabbatar da cewa ba 'yar gida ba ce, saboda tana kama da wata kawar yankin ƙwarai. Yau ta mamaye gaɓar da tsawonta ya kai kilomita 2,000, daga Namibiya har ta zagayo kudancin ƙasar.

Ana kyautata zaton jiragen ruwa ne suka kawo ta, kuma hanyar ba ta da wuyar fahimta. Jirgin da ya sauke kaya yakan ɗebi ruwan teku ya cika cikinsa don kada ya yi sakayau igiyar ruwa ta kifar da shi, sannan ya zubar da ruwan a tashar da zai yi lodi. A cikin wannan ruwa akwai 'ya'yan kawa ƙanana waɗanda ido ba ya gani, masu iya yin makonni suna yawo kafin su sami wurin zama. Manyan kuma sukan manne a jikin jirgin da wasu zaruruwa masu ƙarfi da suke fitarwa, su yi tafiyar dubban kilomita ba tare da sun motsa ba.

Wanda ya tsaya a kan duwatsun gaɓar yamma lokacin da ruwa ya janye zai ga abin da ake nufi da mamaya. Dutse ya rufe ruf da baƙin kwanso, wani kan wani, har ƙafa ba ta samun wurin takawa sai a kansu. Baƙuwar ta fi kawar gida saurin girma da yawan haihuwa, ta kuma fi ta jure rana da bushewa, don haka ta hau har saman dutse inda 'yan gida ba sa iya kaiwa. Wani dangin katantanwa mai kwanso kamar malfa, wanda ke buƙatar fili a jikin dutse don ya yi kiwon gansakuka, shi ne ya fi shan wahala, domin a wurare da yawa an ture shi daga mazauninsa.

A nan ne ake muhawara kan ko baƙuwar illa ce ko alheri, kuma bai kamata a ɓoye hujjar ɗaya ɓangaren ba. Akwai wani baƙin tsuntsu mai dogon jan baki da ke cin kawa a wannan gaɓa, wanda a da ake fargabar yana raguwa. Da abinci ya yawaita sai ya ƙara hayayyafa, har a 2017 aka cire shi daga jerin tsuntsayen da ke dab da shiga haɗari, ko da yake hana motoci hawa rairayin gaɓa a 2001 shi ma ya taimaka masa. Bugu da ƙari, gonakin kawa na Saldanha, inda ake rataye igiyoyi a ruwa kawar ta manne a kansu, sun dogara ne da wannan baƙuwa, kuma mutane na cin abinci da su. Saboda haka wasu ke cewa baƙon da ya zo da goro ba a korarsa.

A ganina wannan lissafi yana da gurgunta. Ribar da aka samu sa'a ce kawai, ba wanda ya tsara ta, kuma sa'a ba ta maimaita kanta bisa umarni. A mashigin ruwan San Francisco na Amurka, wata 'yar kawa daga Asiya da aka fara gani a 1986 ta tace ruwan har ta cinye yawancin ƙananan tsirran da ke yawo a cikinsa, waɗanda su ne tushen abincin kifi. Ita kanta Afirka ta Kudu ta sake yin wata baƙuwar a 2009, ƙaramar kawa mai asali daga gaɓar Kudancin Amurka, wadda ta kama ƙasan duwatsun da ta farkon ta bari.

Abin da ya faru a Darwin, a arewacin Ostireliya, ya nuna iyakar abin da ɗan Adam zai iya. A watan Maris na 1999 masu nutso suka tarar da wata baƙuwar kawa ta cika wata ma'ajiyar ƙananan jiragen ruwa. Hukuma ta rufe ma'ajiyoyi 3, ta zuba sinadarin kulorin da gubar tagulla, ta kashe kawar tare da kusan duk abin da ke raye a ciki, a kan kuɗin da ya haura dalar Ostireliya miliyan 2. An yi nasara ne don an gano ta da wuri, kuma ma'ajiyoyin suna da ƙofofin da ke raba su da teku. Gaɓar kilomita 2,000 ba ta da ƙofa.

Don haka kuɗin da za a kashe ya fi amfani a tashar jiragen ruwa. Yarjejeniyar da hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2004 kan ruwan cikin jirage ta fara aiki a watan Satumba na 2017, shekara 13 bayan haka, kuma ta tilasta wa jirage tace ruwan kafin su zubar. Sai dai halittun da ke manne a jikin jirgi har yanzu shawarwari ne kawai ke magana a kansu a matakin duniya, wanda ya ga dama ya bi. Wannan giɓi ya shafi kowace tasha a nahiyar, har da Apapa ta Legas da Tema ta Ghana, da kuma matan da ke tsintar kawar gida a bakin kogunan Gambiya da Ghana, waɗanda ba su da hanyar sanin abin da jirgin da ya yada zango jiya ya ɗauko a gindinsa.