Don na tambayi lissafi aka ce na zama Bature

Daren Talatar da ta wuce na je taron shekara-shekara na wata 'yar ƙungiyar agaji a nan Manchesta, inda nake taya su rabon kayan abinci duk Asabar. A ɗakin taron wani tsohon coci aka yi shi, ɗaki mai sanyi kamar randa duk da na'urar ɗumama ɗaki da ke ta gurnani a jikin bango. Kujerun masu naɗewa ne, kowa ya ɗauko tasa ya buɗe da kansa, har shugaban. Can gefe ga shayi da madara da biskit a kan tebur. Ba mu kai mu talatin ba, yawanci tsofaffi, wata ma da karenta ta zo, ya kwanta ƙarƙashin kujera ko haushi bai yi ba har aka tashi. Tun daga bakin ƙofa ake miƙa wa kowa takarda mai shafi huɗu: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage a banki, har kuɗin wuta da na ledar zuba kaya.

Ana cikin bayani sai wata tsohuwa ta ɗaga hannu. Ta ce ta ga fam 84 na hayar mota a watan Maris, motar wa aka ɗauka, kuma ina ta ƙungiya? Wallahi gabana ya faɗi, don na san motar ta surukin shugaba ce. Na sunkuyar da kai ina jiran rigima. Sai ma'ajiya ta buɗe fayil, ta ce motar ƙungiya tana gareji a makon, an tambayi farashi wuri uku, na surukin ya fi sauƙi, kuma ranar da amintattu, wato 'yan kwamitin da ke riƙe da amanar ƙungiyar, suka tattauna maganar, shugaba fita ya yi daga ɗakin sai da aka gama, ga shi nan a rubuce. Shugaban ya ce ya gode da tambayar. Tsohuwa ta koma kan shayinta. A ƙarshen taron shi kansa ya sauka daga muƙamin, wa'adinsa na shekara shida ya cika, aka ba shi kati da tukunyar fure, sannan ya taya mu naɗe kujeru.

Abin ya tsaya min a wuya ne saboda wata biyu kafin nan ni ma na yi tambaya. Ƙungiyar marayu da zawarawa ta unguwarmu a cikin Birnin Zariya, ba sai na kama suna ba, shekara bakwai ke nan ina tura nawa duk azumi da Babbar Sallah. Na rubuta a zauren WhatsApp, bayan gaisuwa da neman afuwa, cewa ko za a riƙa sa mana jimillar abin da aka tara da yadda aka kashe. Aka yi tsit wuni guda. Can sai ga muryar sakatare: "Wato yanzu Baba Alhaji za ka tsare da tambaya? Mutumin da ya raɗa maka suna?" Wani ya ce ai zaman Turai ya fara aiki. Washegari aka kulle zauren, sai masu gudanarwa kaɗai ke magana.

Ban ce Baba ya ci ko kwabo ba. Zan iya dafa Alƙur'ani cewa daga aljihunsa yake cikawa idan shinkafa ta gaza. Amma shi ne shugaba tun ranar da aka kafa ƙungiyar a zaurensa, asusunsa na banki kuɗin ke shiga, littafin kuma a kansa yake. Ranar da ta Allah ta kasance, wa zai tsaya gaban magada ya ce wannan naira ta marayu ce, waccan ta gado? Da wace takarda?

Su ma nan ba tsoron Allah suka fi mu ba, doka ce ta riƙe musu wuya. A Ingila da Wales akwai hukuma guda mai kula da ƙungiyoyin agaji. Ƙungiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara sai ta yi rajista. Idan ya wuce fam 25,000 sai wani daga waje ya duba lissafinta, a aika wa hukuma, kuma kowa na iya shiga intanet ya karanta. Amintattu galibi ba a biyansu ko sisi. Mu ma muna da tamu: dokar kamfanoni da Buhari ya sa wa hannu a 2020 ta tanadi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da miƙa rahoto duk shekara. Amma ni ko dokar ba na son kafa hujja da ita. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. A Nisa'i, aya ta 6, cewa aka yi idan kun miƙa wa marayu dukiyarsu ku kafa shaidu. A garin da ake kira cibiyar ilimi, inda yaro ke haddace waɗannan kafin ya yi gemu, a ce neman rubutu ɗabi'ar Nasara ce?

Na sani, akwai abin da takarda ba ta iyawa. A nan mai yunwa sai ya zo da takardar shaida daga likita ko makarantar 'ya'yansa ko wani jami'i, ya zauna a rubuta sunansa, a ba shi abincin kwana uku. Na ga magidanci yana juya takardar a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa. Baba kuwa ya san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun jiya, bayan lisha zai tura yaro da kwanon masara ta ƙofar baya, ko maƙwabci ba zai ji ba. Wannan ban gan shi a Manchesta ba. Sai dai rufa wa mai karɓa asiri daban, rufe littafin ma'aji daban, mu ne muka cakuɗa su don ya yi mana daɗi.

Abin da ya fi ci min rai ma ba lissafin ba ne. Idan za a yi rabon azumi, lambata ce ta farko da ake kira, har da "ranka ya daɗe". Idan za a yanke shawara kuwa, ka yi nisa, ba ka san halin da ake ciki ba. Watan jiya maƙwabciyarmu da ta goya ni ta rasu, sai bayan sadakar uku na gani a shafin wani a Facebook. Ni da na yi talla da tsallen ganuwa daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, yau ni ne baƙo.

Jiya dai na sake turawa, don damina ta rushe wa wata bazawara ɗaki. Ba a aiko min da rasit ba. Baba ne ya yi min saƙon murya, minti biyu, yana ta sa min albarka, yana kirana da sunan da mahaifiyata kaɗai ke kirana da shi, ana jin kiran sallar la'asar a bayansa da kukan awaki. Sau uku na saurare shi a cikin bas, har na wuce tashar da zan sauka.