Ƙannena, ƙwayar gaggawa tana gusa al'ada

Assalamu alaikum ƴan uwana mata na Tawa, musamman ku amare da masu goyo. Maganar ƙwayar nan ta washegari mai hana ɗaukar ciki bayan saduwa za mu yi yau, NorLevo ko Postinor da ake saye a farmasi in an manta da pilil ko kwaroron roba ya fashe. Kun iya sayenta kam, amma abin da take yi ma jinin wata ba kowa ta sani ba, shi ya sa kwana biyu da sha sai hankali ya tashi.

Abin da ke cikinta levonorgestrel ne, miligram 1.5, kuma aikinta ta jinkirta fitowar ƙwan mace. Ba ta zubda cikin da ya riga ya shiga, wadda ta ce miki haka ba ta sani ba. To tunda da ƙwan ake lissafin wata, in an ture shi dole ranar al'ada ta gusa. Wata tata ta riga lokaci da ƴan kwanaki, wata ta makara, wata ta ga ɗan ɗigo-ɗigo a cikin satin da ta sha ta ɗauka al'adar ce alhali ba ita ba ce, wata kuma jinin ya fi na kullum yawa ko ya ragu, ga tashin zuciya da ciwon kai da nono ya yi nauyi. Yawanci wata mai zuwa komai ya koma daidai. Kuma ba ta hana haihuwa har abada kamar yadda ake faɗa a gidan biki.

Inda nake jin haushi, mace ta ga kwana uku babu jini sai ta ruga ta ƙara shan wata, ko ta tari mai tallar magani da ke yawo da tire cikin ranar Tawa ta ce a ba ta na saukar da jini, ko a jiƙa mata sassaƙe. Haba ƙanwata. Ƙara sha ba ya kawo jini, ƙara rikita shi yake yi. Ki rubuta ranar da kika sha da ranar da kike sa ran gani, ko a waya ne. In ɓatan watan ya wuce kwana 7 ki yi tes na fitsari, don ƙwayar ba dari bisa dari take ba, in ƙwan ya riga ya fita ba abin da za ta tsare. In kuma ciwon mara mai tsanani ya kama ki ta gefe guda ko jini ya ƙi tsayawa, wannan ba na jira ba ne, likita kai tsaye, ana iya samun ciki a wajen mahaifa.

Cikin awa 72 bayan saduwa ake shanta, da wuri ya fi, wata ƙwayar gaggawar mai suna ellaOne ita tana kaiwa kwana 5 kuma ta fi sa al'ada makara kaɗan. Wadda ta yi amai kafin a cika awa 3 da sha, ta sake sha. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya ta gaya ma mai farmasi, suna rage mata ƙarfi. Sida da ciwon sanyi kuwa ba ta kare mace daga su.

Sai maganar salla da azumi, ɗigon nan yana rikita mata sosai, ni ba malama ba ce, ki je da kwanakinki a rubuce wajen malamarku ta islamiyya ta raba miki haila da jinin ciwo.

Wadda ta ga tana shanta sau biyu sau uku a wata, planin, wato tsarin iyali, take buƙata ba gaggawa ba. Ki daure ki cire kunyar nan, ki yi magana da maigida, ki je CSI, wato ƙaramar likita ta unguwarku, ungozoma za ta nuna miki allurar wata uku da ashanar hannu da sterile da ake sa wa cikin mahaifa, tun 2006 kyauta ne a likitar gwamnati.